Yadda za ka gano lokacin haska sikirin

Salamu alaikum 'yan'uwa masu bugun riguna. Kullum sai an tambaya minti nawa ake haska sikirin (ragar da aka ɗaure a firam, da ake bugu da ita) bayan an shafa emalshan, wato maganin da haske ke daskarar da shi. Lokacin wani ba zai yi maka aiki ba, domin fitilarku ba ɗaya ba ce, kaurin shafinku ma haka.

Ka ware sikirin guda da aka shafa wa emalshan ya bushe, don gwaji. Ka ɗora fim (ledar da ke ɗauke da zanen), ka danne da gilashi, ka rufe da kwali, ka bar ɗan yanki, sai ka kunna fitila. Duk daƙiƙa 30 ka ja kwalin ka buɗe wani, har kashi shida. Na farko ya sha minti 3, na ƙarshe daƙiƙa 30. In fitilarka ba ta da ƙarfi, ka yi da minti-minti. Sai ka wanke. Inda ka taɓa ta ciki ka ji yauƙi kamar miyar kuɓewa, haske bai isa ba, emalshan zai ɓare kana tsakiyar aiki. Inda ƙananan haruffa suka toshe, ruwa ya kasa buɗe su, ya wuce. Yankin da ya tsaya daram, layinsa tsaf, shi ne naka. Ka rubuta a bango.

Kada ka matsar da fitila bayan gwaji. In ka ninka nisanta, lokacin zai ninku kusan huɗu. Raga ruwan ɗorawa kuma ta fi farar raga cin lokaci.

Mu masu dogaro da rana a Zariya, hazon Janairu da ranar Afrilu ba ɗaya ba ne, sai an sake gwaji. Da damina kuwa, don Allah a bar emalshan ya bushe sarai cikin duhu, da fanka. Na taɓa ɓata sikirin uku a shagona na Sabon Gari ina zargin lokaci, ashe danshi ne.