Yadda ake ajiye tabar siga ba ta lalace ba a ƙasar zafi

Yawancin waɗanda na ga sun fara ajiye tabar siga, wato babban karan taba da ake naɗewa da ganyen taba zalla, a nan wajenmu, abu ɗaya suke sa wa ido, wato ma'aunin danshi. Mutum zai sayo akwatin katako mai kyau daga Dubai ko Landan, ya jera sigarsa ta Kuba da ta Nikaragwa a ciki, kullum ya leƙa ya ga allurar ma'aunin tana kan kashi 70, hankalinsa ya kwanta. Sai bazara ta shigo. Wata rana ya buɗe akwati ya tarar da 'yan ramuka a jikin kara, da garin taba a zube a ƙasa. Danshin bai taɓa gocewa ba ko sau ɗaya. Zafi ne ya yi ɓarnar.

Ƙwaron taba ɗan mitsitsi ne, ja-ja, tsawonsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Sau da yawa ba daga ɗakinka yake shiga ba, ƙwansa yana zuwa ne manne da ganyen tun daga inda aka naɗe shi. Muddin wuri na ƙasa da digiri 18, ƙwan nan ba ya yin komai. Da zarar zafi ya haura 22 ko 23 ya daɗe a haka, sai ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta shiga ci daga ciki. Duk wanda ya taɓa ajiye goro ya san aikin sankara, to kusan haka abin yake. Kamfanin Habanos, mai fitar da sigar Kuba, shawararsa ita ce a ajiye ta tsakanin digiri 16 da 18, danshi kuma tsakanin kashi 65 da 70. Ka kwatanta wannan da Kano ko Sakkwato ko Yamai a watan Afrilu, inda rana ke kai 40. Akwatin katako, komai tsadarsa, danshi kawai yake riƙewa. Ba ya sanyaya komai.

Don haka mataki na farko ba a akwati yake ba, a firiza yake. Duk karan da ya shigo gidanka, ko saye ka yi ko kyauta aka ba ka, kada ya haɗu da sauran sai ya bi ta sanyi. Ka sa su a leda mai zif, ka matse iskar, ka ƙara wata ledar a kai. Su yi kwana guda a firij, sannan kwana 3 a firiza mai kai wa digiri 18 ƙasa da sifili, su sake komawa firij kwana guda, sannan su wuni a ɗaki ba tare da ka buɗe ledar ba. Kwanan firij na farko da na ƙarshe su ne mutane ke tsallakewa don gaggawa, kuma su ne ke hana ganyen waje, wato wanda ya lulluɓe karan, tsagewa. Ganye mai laushi irin na Kamaru ba ya jure a fito da shi daga ƙanƙara kai tsaye zuwa zafin ɗaki. Idan kuma firizarka ta dogara da wutar NEPA, har nama kan narke a ciki, to kwana ukun nan ba su ƙirgu ba. Ka nemi wadda ke kan sola ko janareta.

Na biyu, ka san zafin ɗakinka da gaske. Ka cire ma'aunin nan mai allura da ke zuwa da akwati daga lissafinka, ado ne. Ka sayi na lantarki mai nuna zafi da danshi tare, wanda ke riƙe lamba mafi sama da mafi ƙasa, don abin da ke faruwa da ƙarfe uku na rana lokacin da ba ka gida shi kake son sani. Gwada shi ba wuya: ka zuba gishiri a murfin kwalba, ka ɗiga ruwa har ya jiƙe amma bai narke ba, ka rufe shi tare da ma'aunin a cikin leda ya kwana. Ya kamata ya nuna 75. In ya nuna 72, ka san kullum za ka riƙa ƙara 3. Sannan ka zaga da shi cikin gida. Za ka tarar ɗakin ƙasa ya fi na sama sanyi, tsakiyar gida ya fi jikin bangon yamma, ƙasan wadrob kuma ya fi samansa. Ɗakin da rufin kwano ke kansa kai tsaye, ka fitar da shi daga zance.

Yanzu ga inda mutane suka fi faɗuwa, kuma a nan kuɗi ya fi salwanta. Wasu suna cewa ai ɗakinsu akwai na'urar sanyaya ɗaki. To, tana aiki da dare, da safe a kashe a fita, ko a ɗauke wuta. Akwatin ya kwana a 20, ya wuni a 34, kullum haka. Iskar da ke kan digiri 30 tana iya ɗaukar ruwa kusan ninki biyu na wadda ke kan 18. Duk lokacin da zafi ya hau ya sauka, ganyen zai sha ruwa ya kumbura, ya saki ya motse. Ganyen ciki da na waje ba sa tafiya da sauri ɗaya, sai na wajen ya fashe. A wurina, akwatin da ya zauna a 23 ba ya motsi ya fi wanda ke kai-komo tsakanin 17 da 30, muddin an bi da sigar ta firiza.

Firij ɗin kicin kuwa kada ma ka fara. Yana kan digiri 3 zuwa 5, iskarsa busasshiya ce, kuma taba tana ɗaukar wari. Za ka sha siga mai ɗanɗanon albasa da daddawa.

Abin da ke aiki shi ne ƙaramin firij ɗin nan mai ƙofar gilashi da aka yi don ajiye kwalabe, wanda ake iya saita shi tsakanin 12 da 18 ko sama kaɗan. Iri biyu ne, kuma mai shago ba lallai ya faɗa maka bambancin ba. Akwai marar kwamfaresa, mai aiki da farantin lantarki da fanka. Ba ya ƙara, ba ya busar da iska sosai, shi ya sa masu siga a Turai da Amurka ke yabonsa. Amma ƙarfinsa bai cika wuce ya rage digiri 10 zuwa 15 daga zafin ɗaki ba. A ɗaki mai 36, fanka za ta yi ta juyawa dare da rana, ciki bai sauko inda kake so ba, har ta ƙone. Mai kwamfaresa shi ne ke iya zafinmu. Aibinsa shi ne duk lokacin da ya tashi yana tsotse danshin iska, ruwan ya taru a bangon baya.

Maganin wannan aibi sauƙi gare shi, amma ba na yarda a tsallake shi: kada siga ta zauna tsirara a cikin firij. Ka sa ta a robobi masu murfi mai kama iska, irin na ajiye abinci masu maɓalli a gefe huɗu, kowace da fallen katakon sida, wato katako mai ƙamshi da ake shimfiɗa wa siga, a ƙasa, da jakar danshinta a ciki, wato 'yar jakar da ake sayarwa don daidaita danshi. Firij ya riƙe zafi, roba ta riƙe danshi, kowa da aikinsa. Fallen sidar ba sai ka saya ba, yana zuwa a cikin akwatunan siga. Kada robar ta taɓa bangon baya.

Sauran wurin da ya rage, ka cike shi da gorunan ruwa a rufe. Ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi, don haka in an ɗauke wuta, cikin firij zai hau a hankali maimakon ya yi tsalle. Kuma ka saita shi a 19 ko 20, ba 16 ba. Iya nisan da ke tsakanin ciki da waje, iya yawan raɓar da za ta sauka in wuta ta tafi ta dawo. Lokacin da babu wuta, kada ka buɗe ƙofa don ka duba. Buɗewar nan ce ke shigar da iska mai zafi ta kwanta a kan roba mai sanyi. In kana da inbata, wannan firij ya cancanci layi, wutar da yake ci kaɗan ce.

Wanda ba shi da kuɗin wannan duka, babbar kula ta isa. Ka wanke ta, ka shanya har warin roba ya fita, ka sa robobin sigar a gefe ɗaya, gorar ƙanƙara da aka naɗe da tawul a ɗaya gefen, ka riƙa canzawa safe da yamma a watannin zafi. Aiki ne, kuma ranar da ka yi tafiya sai ka samu mai yi maka. A lokacin rani kuma, dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, tana rage zafi sosai in robar a rufe take ruf. Da damina ba ta da amfani, don iska ta riga ta ƙoshi da ruwa.

Batun danshi, ni jakar danshi ta kamfanin Boveda mai lamba 65, wato mai riƙe danshi a kashi 65, nake sawa, ba 72 ba. A ƙasar zafi, yawan danshi shi ke gayyato fumfuna. Da hunturu jakunkunan za su yi saurin bushewa, in ka taɓa ka ji sun yi tauri ka canza. Idan soso kake amfani da shi, sai tataccen ruwa zalla irin na kemis, ban da na famfo ko na leda.

Kafin ka kunna, ka fito da kara ya zauna kamar rabin awa. Duk mako biyu ka duba jikinsu a haske. In ka ga rami ko ɗaya, ka jefar da wannan karan, ka mayar da duk na cikin robar firiza, ka wanke robar, ka zubar da fallen sidar ka sa sabo.