Darasi na 7: Majalisar Ingila bayan yaƙin Hitila, 1945 zuwa 1950

To jama'a sannunku da ƙoƙari, yau Landan za mu leƙa mu ga yadda majalisa take haɗuwa da yadda take zama, kuma akwai ɗan lissafi a ciki don haka kowa ya ajiye fensirinsa kusa.

An gama yaƙi da Jamus a watan Mayu 1945, sai aka yi zaɓe ran 5 ga Yuli, amma ba a faɗi sakamako ba sai 26 ga wata saboda an tsaya jiran ƙuri'un sojojin Ingila da ke ƙasashen waje, don lokacin yaƙin Japan bai ƙare ba, wanda kakanninmu 'yan Boma suka yi. Kujerun majalisar wakilai 640 ne. Jam'iyyar Leba ta Clement Attlee ta kwashe 393, shi kuma Churchill da ya ja ƙasar aka ci yaƙi ya koma ɓangaren adawa, abun mamaki ko? Mutane sun gode masa amma gidaje da aiki da asibiti suke so. Mata 24 ne suka shiga, 21 daga ciki 'yan Leba ne, gaskiya sun yi kaɗan.

Ga lissafin. Cire 393 daga 640, saura 247, wato duk sauran jam'iyyu kenan an haɗa su waje guda. Yanzu cire 247 daga 393, ka samu 146. Wannan shi ake cewa rinjaye, kuma mai irin wannan rinjayen ko wasu nasa sun yi rashin lafiya ko sun yi bore dokarsa za ta wuce.

Wajen zama ma akwai labari, don bam ɗin Jamus ya ƙone zauren wakilai tun Mayu 1941, sai suka ari zauren dattawa suna zama a ciki, su dattawan suka matsa wani ɗaki ƙarami, haka aka yi ta yi har Oktoba 1950. Sarki George na shida ya buɗe majalisar ran 15 ga Agusta 1945, ranar da ake murnar Japan ta miƙa wuya. Daga nan fa sai aiki, Bankin Ingila da ma'adinan kwal da jirgin ƙasa suka koma hannun gwamnati, aka yi dokar asibiti kyauta a 1946 ta fara aiki 1948, a 1947 kuma aka yi dokar 'yancin Indiya da Pakistan.

Inda darasin ya fi daɗi shi ne rigimarsu da majalisar dattawa. Su dattawan nan ba zaɓensu ake ba, a lokacin yawancinsu gado suka yi, kuma mafi yawa ba sa son Leba. Ba su da ikon kashe doka amma a lokacin suna iya riƙe ta shekara biyu, gwamnati kuma tana son ƙwace masana'antar ƙarfe kafin wa'adinta ya cika, sai ta kawo dokar rage shekara biyun zuwa ɗaya. Dattawa suka ƙi. Ƙa'idar lokacin ta ce in wakilai suka amince da doka a zango uku a jere (zango shi ne zaman majalisa daga buɗewa zuwa rufewa, yawanci kusan shekara guda) to ta wuce ko dattawa sun so ko ba su so ba, shi ne gwamnati ta ƙirƙiro wani gajeren zango daga Satumba zuwa Oktoba 1948 don kawai a cike ukun, dokar ta tabbata a 1949. Dabara ce, amma ba a karya ƙa'ida ba. Ku lura, zango daban wa'adi daban, wa'adi ɗaya yana ɗauke da zanguna da yawa.

Aikin gida: an rushe majalisar a Fabrairu 1950 aka sake zaɓe, kujeru suka koma 625, Leba ta samu 315. Ku bi hanyar da muka bi ɗazu ku fitar da rinjayenta, sannan kowa ya rubuta layi biyu kan me zai faru in 'yan Leba shida suka kwanta asibiti ranar ƙuri'a.