Yadda ake fere biron katako don kyauta

In biron na walimar saukar karatu ne ko na malaminka, fara da neman busasshen itace, don a nan aka fi yin asara. Ɗanyen katako zai yi kyau a kan inji, amma da hunturun Katsina ya buso sai ya tsage. Guntun tsohuwar taɓarya ta ƙirya ya fi komai, ta riga ta sha shekaru tana bushewa, kuma tana ɗaukar sheƙi. Maɗaci ya fi sauƙin fira ga ɗan koyo.

Kayan cikin biron, samfurin Slimline, akan yi odarsu ta intanet: bututun tagulla biyu, baki, zoben tsakiya, maƙali, abin murɗawa da tawada. Haɗa da sandar ƙarfen da ake zura katakon da zobbanta na awo.

Yanko katako mai kaurin milimita 19 kowane gefe, tsawo 125. Ja layin fensir a tsawonsa kafin ka raba shi biyu, don zanen itacen ya haɗu daga baya. Kowane gutsure ya ɗara bututunsa da milimita 3. Huda tsakiyar kowane gutsure da bakin injin huda mai milimita 7, kana ciro shi bayan kowane santimita ɗaya garin ya zube. In ka danna gaba ɗaya, zafi ya taru, ƙarshen ya fashe.

Goge bututun da samfefa har ƙyallin ya tafi, in ba haka ba gam ba zai kama ba. Shafa masa gam ka zura shi cikin hudar katakon. Gam mai haɗi biyu ya fi, don mai saurin kamawa kan riƙe bututun rabin hanya, ba shiga ba fita. Bar shi ya kwana, sannan ka daidaita bakunan har tagullar ta bayyana, amma kada ka ci ta.

Zura gutsattsarin a sandar ƙarfen, da zobban awo a tsakiya da gefe biyu, ka ɗora a injin da kafintoci ke fere ƙafar kujera, gudu wajen juyi 2,500 a minti, cizal mai kaifi, ci kaɗan-kaɗan. Sa takunkumi da tabarau. Kada ka ƙulle sandar da ƙarfi. Tana lanƙwasawa, biron ya fito da ɓari ɗaya ya fi kauri. Tsaya saura ƙiris ka kai kaurin zobban awon.

Rage gudu, ka bi da samfefa 150, 240, 400, 600. Bayan kowace lamba kashe injin ka goga ta tsawo, shi ke share zoben ƙarzuwa. Don sheƙi, shafa wa katakon gam mai saurin kamawa, marar kauri, sau 5, kowanne ya bushe, ka goge.

Wajen haɗawa matsa ake yi, ba a sa guduma. Fara da baki. Abin murɗawar kuwa tura shi kaɗan, sa tawada ka gwada, ka ƙara. In ya zarce, kan biron ba zai ƙara komawa ciki ba.