Yadda ɗalibi zai tsara karatun famakoloji mai zurfi don binciken larurar Down

Ɗalibin da ya kammala lisans a fannin ilimin halittu ko sinadaran jiki a Jami'ar Ngaundere ko ta Marwa, ko wanda ya fito daga tsangayar likitanci ta Garwa, duk a ƙasar Kamaru, yana iya ɗora karatunsa a kan famakoloji, wato ilimin yadda magani ke aiki a jiki da yadda jiki ke sarrafa shi, ya kuma karkata bincikensa ga larurar Down. Abin da zai fara daidaitawa shi ne manufarsa. Larurar tana samuwa ne idan aka haifi yaro da kuromosom (ƙunshin ƙwayoyin gado a cikin ƙwayoyin halittar jiki) na 21 guda uku maimakon biyu, jimilla 47 ke nan a madadin 46, kamar yadda Jérôme Lejeune da Marthe Gautier da Raymond Turpin suka bayyana a Paris a 1959, kuma babu maganin da ke cire wannan ƙari. Wanda ya shigo da burin gano maganin warkewa zai karaya tun tafiya ba ta yi nisa ba. Tambayar da ta fi amfani, a ganina, ita ce yadda magungunan da ke hannunmu suke aiki a jikin masu wannan larura.

A nan ne aikin yake da yawa. Yaran nan sun fi sauran yara kamuwa da sankarar jini, kuma maganin methotrexate da ake ba masu wannan cuta ya fi yi musu illa, yana haddasa gyambo a baki da hanji, har likitoci kan rage musu adadinsa, alhali kuwa cytarabine ya fi kama wani nau'in sankarar a jikinsu fiye da yadda yake yi wa wasu. Kusan rabinsu ana haifarsu da matsalar zuciya, da yawa kuma glandar tayirod da ke wuyansu ba ta aiki yadda ya kamata. Ƙwayar gadon APP, wadda ke da hannu a cutar Alzheimer, tana kan kuromosom na 21, shi ya sa cutar mantuwa ta Alzheimer kan zo musu da wuri. Ɗalibi ya zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan ya riƙe ta, kada ya tara wa kansa abin da ba zai iya kammalawa ba.

A shekarar farko ta mastar, ya ƙware a kan yadda magani ke shiga jini, da yadda hanta ke sarrafa shi, da yadda ƙoda ke fitar da shi, ya haɗa da ilimin gado da na ƙididdiga. Faransanci kaɗai ba zai wadatar da shi ba, domin yawancin maƙalun da ke PubMed, rumbun maƙalun likitanci na intanet, da Ingilishi aka rubuta su, don haka ya saba wa kansa karanta su tun yanzu. A shekara ta biyu, ya karɓi aikin ɗakin gwaji da ya samu, ko da na gwada tsirran magani ne a kan ɓeraye kamar yadda aka saba a jami'o'inmu, saboda a nan zai koyi auna magani daidai da nauyin dabba, da gwajin yadda ɓera ke tuna hanya, da rubuta sakamako a ranar da aka same shi.

Idan ya zo doktora zai buƙaci abokan aiki a waje. Ɓerayen Ts65Dn, waɗanda aka samar a ɗakin binciken Jackson na Amurka don nazarin larurar, suna buƙatar kuɗi da kulawa ta musamman, don haka hanya mafi dacewa ita ce doktorar haɗin gwiwa, malami ɗaya a Kamaru ko Cadi, ɗaya a ƙetare. Gidauniyar Jérôme Lejeune da ke Faransa tana tallafa wa irin wannan bincike, ƙungiyar binciken ƙwaƙwalwa ta duniya IBRO tana shirya horo ga matasan masu binciken ƙwaƙwalwa a Afirka, AUF kuma, ƙungiyar jami'o'in da ke amfani da Faransanci, tana da tallafin karatu. Kafin ya rubuta wa malami, ya karanta ayyukansa sosai, sannan ya aika wasiƙa mai shafi ɗaya da tambaya guda a cikinta.

Ya kuma kiyaye cewa abin da ya yi aiki a ɓera ba lallai ya yi a mutum ba. Kamfanin Roche ya dakatar da gwajin maganin basmisanil a 2016 domin bai inganta fahimtar masu larurar ba. Saboda haka bai halatta ga ɗalibi ya ce wa iyaye wani ganye zai buɗe wa ɗansu ƙwaƙwalwa ba.

Duk binciken da ya shafi mutane sai da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, da yardar iyaye bayan an yi musu bayani da Hausa ko Fillanci, da yardar mai larurar kansa gwargwadon fahimtarsa. Uwa takan zo da karne, wato littafin asibiti, da ya sha naɗi, da leda cike da ƙwayoyi, wani lokaci da gorar jiƙo a ƙasan jaka, bayan ta daɗe tana jin ana cewa aikin aljanu ne ko laifinta ne. Ɗalibi ya gaishe ta da ladabi, ya ce, “Mama, ki nuna mini duk abin da yake sha,” ba tare da zargi ba. Sai ya rubuta sunan kowane magani da adadinsa, da nauyin yaron, da ko an taɓa yi masa hoton zuciya da gwajin tayirod, ya kuma tura su wurin likita idan ba a yi ba.