Yadda ake atisayen gudun dogon zango da abokai ba tare da an karya juna ba

Ƙarfe biyar na asuba, a sanyin hunturun Garwa, bargo ba ya rasa hujja. In kai kaɗai ne, sai ka ce gobe. Amma in ka san akwai mutum uku tsaye a ƙofar masallaci suna jiranka da takalma a ƙafa, kunya kaɗai ta isa ta fitar da kai. Wannan amfanin kowa ya san shi. Wanda ba a cika faɗa ba shi ne, abokin gudu na kirki aikinsa ya hana ka garaje, domin yawancin waɗanda na ga sun bar gudu ba lalaci ya kore su ba, tsere da abokai a ranar da ba ta tsere ba ne ya ji musu ciwo.

Matakin farko, zaɓi abokai da ƙafa, ba da zumunci ba. Amininka na iya zama mutumin kirki amma ya fi ka sauri nesa ba kusa ba. Ku auna kilomita 5 da waya, ko ku yi zagaye 12 da rabi a filin da ke da da'irar mita 400, kowa ya yi iya ƙarfinsa a rubuta lokacinsa. A ganina, in tazararku ta wuce rabin minti a kowace kilomita, ku raba rukuni biyu, a tashi tare a ƙare wuri ɗaya. Mutum uku zuwa biyar sun isa. In aka fi haka, jiran makararru ke cinye sanyin safiya. Mata ma haka, uku ko huɗu a unguwa ɗaya sun fi mace ɗaya samun natsuwa a hanya, kuma gida ya fi saurin amincewa.

Na biyu, ku tsai da gasa ɗaya da ranarta, sannan ku ƙirga baya. Sabon shiga ya fara da kilomita 10, sai 21, kafin ya yi mafarkin gudun famfalaki mai kilomita 42 da mita 195, wanda ke neman shirin wata huɗu ga wanda ya riga ya saba. Mu a Kamaru idon kowa na kan tseren hawan Dutsen Kamaru a Buya, wanda aka fara a 1973, dutse mai tsayin sama da mita 4,000, inda 'yar gudun Kamaru Sarah Etonge ta yi nasara sau bakwai. Yawanci a watan Fabrairu ake yin sa, wato shirinsa ya faɗo daidai cikin hunturu, lokacin da ya fi daɗin gudu a arewa.

Na uku shi ne rabon mako, kuma nan ne aikin yake. Kwana uku tare sun wadatar, sauran kowa ya yi sassarfarsa shi kaɗai, a bar aƙalla yini ɗaya na hutu.

Rana ɗaya ta sauri ce. Ku ɗumama jiki da sassarfa minti goma sha biyar, sai minti ɗaya da ƙarfi, minti ɗaya a hankali, sau goma. 'Yan gudun garin Iten na Kenya suna yin irin wannan a taro duk ranar Alhamis. Mutum ɗaya ya riƙe agogo yana fito, sauran kada kowa ya kalli hannunsa. A minti na hutu, na gaba su juyo su ɗauko na baya, ta haka ba a barin kowa a jeji. Ku riƙa karɓa-karɓar ja gaba, domin bin bayan wani ya fi sauƙi, musamman in iskar hunturu na bugun ƙirji. Ko Eliud Kipchoge, gwanin gudun famfalaki ɗan Kenya, da ya yi kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana a 2019, 'yan gudu 41 ne suka riƙa canjin ja masa gaba suna tare masa iska, kuma hakan na cikin dalilan da suka sa ba a lissafa gudun a matsayin bajintar duniya ba.

Rana ta biyu ta tudu ce ko yashi. 'Yan Marwa suna da duwatsu a bakin gari da yashin mayo, wato kogi, in ya ƙafe da rani. 'Yan Gaundare sun fi kowa sa'a, garinsu na sama da mita 1,000, ga sanyi. Mai niyyar Buya ya koyi gangara kamar yadda yake koyon hawa, don saukowa ce ke cin cinya.

Rana ta uku ita ce doguwa, Asabar ko Lahadi, kuma dokarta ɗaya: wanda ya fi kowa rashin sauri shi ke da ragama. Ma'auninta hira. In ba za ka iya ba na gefenka labarin wasan ƙwallon ƙungiyar Coton Sport ba sai da haki, kun yi sauri. Ni na karya wannan dokar. Wani yaro ɗan shekara ashirin ya shigo mana, duk Lahadi sai ya ƙara wuta a hanyar dawowa, ni kuma girman kai ya hana ni bari ya wuce. Mako na huɗu agarata ta kumbura, na yi kusan wata biyu ina kallonsu daga kan benci. Kada jimillar tafiyar mako ta ƙaru da fiye da kashi ɗaya cikin goma, kuma kowane mako na huɗu ku rage.

Na huɗu, zafi da hanya. A Maris da Afrilu zafin Garwa da Marwa kan wuce digiri 40, saboda haka a fita da an sallame sallar asuba, a dawo kafin rana ta ɗaga. A ranar dogon gudu ku haɗa kuɗin mai, wani ƙane ya bi ku a moto da ruwa. Ku haɗa ruwan gishiri da sukari tun a gida: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda zafi ya buga ba ya gane kansa, na kusa da shi ne ke gani. In abokinka ya fara tangaɗi ko yana magana ba kan gado, ku tsai da shi ko yana musu, a kai shi inuwa, a yi ta kwara masa ruwa ana fifita, a wuce da shi asibiti. Mai zazzaɓi kuwa ba ya fita, komai roƙonsa.

A bakin titi ku bi gefen hagu, kuna fuskantar motoci, ɗaya bayan ɗaya, da riguna masu haske. Manyan motocin da ke bin hanyar Gaundare zuwa Marwa ba sa ganin mai baƙar riga da duku-duku. Da azumi a ajiye dogon gudu da rana, a yi gajere dab da shan ruwa ko bayan asham.

Na ƙarshe, mako biyu zuwa uku kafin gasa ku rage nisa sosai, ko da jiki na ƙaiƙayin gudu. Kada kowa ya sa sabon takalmi ranar gasa, ko ya ci abin da cikinsa bai saba da shi ba. Wanda ya saba da kunu da dabino ya tsaya a kansu. Sannan ku zauna ku yi magana a fili tun kafin ranar: zuwa kilomita nawa za a tafi tare, daga ina kowa zai kama gabansa, kuma a wane wuri za a haɗu bayan an gama, domin a cikin cunkoso waya ba ta cika shiga ba.