Kafin ku nemi jari, ku sayi kaye

'Yan uwa masu ƙananan sana'o'i a Damagaram, bara na kai dosiyena wani gidan ba da rance, na ci ado kamar mai zuwa biki. Tambayar farko ta kayar da ni: "Hajiya, nawa kike sayarwa a wata?" Sai na yi tsuru-tsuru.

Tun ranar na sayi kaye na dala 50. Kowace kwalbar man gyada da ta fita a Kasuwar Dole sai na rubuta, har bashin maƙwabta (su ne ma suka fi yawa). Ku kuma yi RCCM (rajistar kasuwanci) da NIF (lambar biyan haraji) tun da wuri.

Gidauniyar Tony Elumelu, mai tallafa wa masu ƙananan sana'o'i a Afirka, takan buɗe rajista a Janairu, tallafin dalar Amurka 5,000, kuma kyauta ake cikawa ta intanet. Duk wanda ya ce ku turo jikka 5 ya sa sunanku, ku toshe lambarsa.