Yadda zaka gane wane irin ruwa ne a gabanka in ka fita bakin bahar a Jidda

Kanina da yazo Umra muka fita kurnish, wato titin bakin bahar na Jidda, da yamma, yana hango ruwan sai cewa yayi "Yaya, wannan kogin ai yafi na Neja girma". Nayi dariya har na gaji, amma ba laifinsa bane, mu da muka taso a tudu in ba kogi ba to tafki ne, shikenan. To ga yadda na koya masa, haka nake koyawa yaran gida ma, ba sai ka haddace komai ba, taswirar wayarka ta isheka.

Abu na farko ka nemi kofar ruwan, wato ta ina yake haduwa da babban teku. Manyan tekuna da Larabawa ke kira muhit guda 5 ne: Fasifik wanda yafi kowanne girma, Atlantika wanda ke gaban Legas, na Indiya, na Kudu da ya zagaye Antatika, sai Aktik can arewa inda kankara take. Na gabanmu a Jidda baya cikin su biyar din, shi Bahar Maliya ne, reshe ne kawai na tekun Indiya da ya kutso tsakanin Afirka da kasar Larabawa, tsawonsa ya haura kilomita 2,000.

Yanzu sa yatsanka akan taswira ka bishi kudu, zakaga yana matsewa yana matsewa har ya zama dan siriri tsakanin Yaman da Jibuti, fadin wajen bai kai kilomita 30 ba, nan ne Babul Mandab, irin wannan matsatsin shine mashigi, da larabci madik. Kana wucewa sai ka fada Khalij Adan. Khalij kuwa ruwa ne da kasa ta rungume ta bangarori ta bar masa baki daya. In ka koma arewa kuma zakaga Bahar Maliya ya rabu biyu kamar kahon sa, daya Khalijus Suwais daya Khalijul Akaba. Mashigin Suwais dai kar ka hadashi da Babul Mandab, shi mutane ne suka haka shi, an bude shi a 1869.

Na biyu, dan taba ruwan a harshe, kadan fa. Gishirinsa yakai wajen giram 40 a lita alhali yawancin tekuna wajen 35 ne, dalili kuwa babu wani kogi mai gudana duk shekara da yake zuba masa ruwan dadi, ga rana tana kwashe ruwan tana barin gishirin. Shi yasa duk abinda ka gani a bakin Jidda mai kama da kogi to ka tabbata ba kogi bane.

Anan ne mutane sukafi rikicewa. Kaje Abhur arewacin gari zakaga ruwa doguwa ta shigo cikin kasa, a kwance lumui ba wata igiya, jiragen shakatawa nata kai kawo, wallahi zaka rantse kogi ne, amma duba da kyau, baya gangarowa daga ko ina, bahar din ne da kansa ya zura harshe cikin tudu, Larabawa suna ce masa sharm. Ruwan Arba'in dake kusa da Balad, tsohon garin Jidda, kuma buhaira ake ce mata, kamar tafki take amma ruwanta na gishiri ne don tana hade da bahar ta wata yar hanya.

Sai launi, wannan kam ka rike shi sosai don ya shafi rai. Inda ruwan yayi haske kore-kore to ba zurfi, yashi ne ko murjani, wato duwatsun nan da kananan halittun teku ke ginawa, a kasa, inda ya koma shudi mai duhu kwatsam to nan murjanin ya kare kasa ta zurma, kuma tsakiyar Bahar Maliya akwai inda zurfinsa yakai kusan mita 3,000. Kar ka taka murjani ba takalmi, yana yanka kamar reza ga wasu halittu masu kaya a makale, kuma in an kafa allo an hana iyo to ka hakura, kar kace ai kana iyo a kududdufin garinku.

Yan uwa na Dammam naku daban ne, Khalijul Arabi ne, bashi da zurfi sosai, matsakaicinsa wajen mita 50, kofarsa kuma mashigin Hurmuz.

Da muka tashi tafiya kanin nawa ya tsaya yana kankance ido wai ko zai hango Sudan, nace malam taho mu tafi, Sawakin ta Sudan inda kakanninmu suke hawa jirgin ruwa bayan sun taho a kasa tana can wajen kilomita 300 daga nan.